Mai Shaidar da Alhaji Ya Nemi Gani

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, karatun allo ma abin da na samu bai wuce na salla ba. 'Yata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. Idan na yi shiru sai ta jira ni, don duk lokacin da na taɓo waɗannan shekaru hawaye ne yake riga magana fitowa. Sunan maigidana kuwa ba zan faɗa ba. Ban faɗe shi yana raye ba, ba zan fara yau da yake kwance a ƙasa ba. Alhaji nake ce masa.

A Vénissieux muka zauna, a gefen birnin Lyon na ƙasar Faransa, cikin ɗaya daga dogayen benayen nan, can sama inda tsuntsu yake wucewa ta ƙarƙashin tagarka. Da sanyi, idan gari ya waye, wani farin hazo yakan taso daga kogi ya rufe ƙasa gaba ɗaya. Ba ka ganin titi, ba ka ganin mota, sai kawunan benaye suna iyo kamar jiragen ruwa, hayaƙin masana'antun Saint-Fons yana ratsowa ta ciki a hankali. Nakan tsaya da kofin shayi a hannu ina kallo, in ji kamar an ɗauke mu daga duniya an manta ba a kai mu ko'ina ba. Yawancin abin da nake tunawa na wancan zamani haka yake zo mini, rabinsa a fili, rabinsa cikin hazo.

Alhaji yana da ɗan kanti a unguwar Guillotière cikin Lyon, matsattse, tsakanin wani mahauci ɗan Aljeriya da mai sayar da yadi. Kayan fata yake kawowa daga Maraɗi: jakunkuna, takalma, da matasan zama masu jan ɗinki. Kantin yana ƙamshin bagaruwa da man fata, ƙamshin kuma yakan biyo shi gida a cikin rigarsa. Ba ciniki kaɗai ake yi a wurin ba. Duk mai saƙo zuwa gida, ko ƙunshin magani ne na tsohuwa, ko agogon ango, a wurin Alhaji yake ajiyewa har a sami mai tafiya. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida. A miƙa masa, ya ɗora a kan kanta ta sama, shi ke nan.

Yana da wani amini a Paris, Bazabarme, mai aikin ɗaukar kaya a babban sito na filin jirgi. Alhaji kuwa Bagobiri ne, da zanensa a kumatu biyu. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa: wasa ne tun na kakanni. Kowane yana kiran ɗayan bawansa, ya zage shi a gaban jama'a, ya ƙaga masa laifin da bai yi ba, kuma ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ne ya ji kunya. Ni Bakatsiniya ce, ba na cikin wasan, nawa sauraro ne da dariya.

Ranar Lahadi tarho yakan yi ƙara, Alhaji ya ɗauka, tun daga madafa nake jiyo muryar Bazabarme.

"Ɓarawo, kana nan? Har yanzu Turawa ba su kama ka ba?"

"Wa ya ba bawa izinin taɓa tarho? Ka dai wanke hannu?"

"Ba ni Hajiya in yi mata jaje. Mace kamar wannan, a ce ta ƙare a hannun mai fuska kamar inda kaji suka yi tono."

Alhaji ya yi ta dariya har tari ya kama shi. Mutum ne mai nauyin baki, a kanti ma ba ya yawan magana. Bazabarme ne kaɗai ya san inda dariyarsa take ɓoye.

A shekarar da na yaye wannan da take rubutu, da kaka, lokacin da ganye ke zuba, kayan Alhaji suka sauka a Paris, 'yan duwan, wato kwastan, suka riƙe su. Ya hau jirgin ƙasa ya tafi, yana cewa gobe zai dawo da kaya. Ya dawo hannu wofi, bai ci abinci ba, ya zauna a bakin gado bai ko cire hula ba.

A hankali na ji labarin. A cikin jakunkunan akwai 'yan kaɗan da dukawa suka yi wa ado da fatar guza a baki. A gida yara ne ke kama guza a bakin tafki, a nan kuwa ashe fatarsa ba ta shiga ƙasa sai da takarda. Wannan Alhaji bai yi musu ba, ya ce bai sani ba ne, a yi masa abin da doka ta ce. Amma ba nan maganar ta tsaya ba. 'Yan duwan sun ce wani ɗan ƙasarmu, wanda ya san shi sarai, ya gaya musu cewa Alhaji tsohon ɗan fasa-ƙwauri ne, sana'ar gidansu ce, har hauren giwa yake cusawa a cikin matasai. Saboda haka suka sa wuƙa suka farke matasan ɗaya bayan ɗaya. Ba su sami komai ba sai audugar rimi. Alhaji ya ce mini audugar ta tashi ta cika siton, tana yawo a sama tana sauka a kan hulunan 'yan duwan kamar ƙanƙarar sanyi, shi kuma yana tsaye yana kallo. Bazabarme ne ya share ta da hannunsa, yana sharewa yana tsine wa wanda ya jawo.

Sun ce akwai hanya mai sauƙi. Ya sa hannu ya amsa laifin yadda suka rubuta shi, ya biya tara, a rufe magana, ba kotu ba alƙali. Haka yawancin mutane suke yi. Alhaji ya ce a'a.

"Tara ba ita ce damuwata ba," in ji shi. "Wa ya faɗa? A kawo shi in gan shi."

Suka ce ba haka ake yi a ofishinsu ba, abin da ɗan duwan ya rubuta ya isa.

"A garinmu," ya ce da su, "idan mutum ya ba da shaida a kanka, a gabanka yake tsayawa. Ka dube shi, ya dube ka. Ka tambaye shi: a ina ka gani, yaushe, kana tare da wa? Ita takardar nan in na tambaye ta za ta amsa?"

Ba su yi masa wulaƙanci ba, sun dai ɗaga kafaɗa. Wani lauya da muka samu a Lyon, dattijo mai farin gashi da yake tafiya kamar ƙafa tana masa ciwo, shi ya bayyana mana. Ya ce idan Alhaji ya ƙi sa hannu maganar za ta tafi kotu, a can kuma yana iya roƙon alƙali a kira wanda ya yi maganar a yi masa tambayoyi. Amma zai ɗauki lokaci, kayan za su zauna a kulle, kuma alƙali yana iya ƙi. Alhaji ya ce zai jira.

Jiran nan shi ne ya fi komai cin sa. Magana ba ta ɓuya a Guillotière. Ba wanda ya ce masa komai a fuska, amma kantar sama ta fara zama wayam. Mai saƙo ya zo ya gaisa, ya tambayi yara, ya fita da ƙunshinsa a hammata. Shi kuma Alhaji, tun da aka ce masa wanda ya san shi sarai ne, sai ya shiga duban kowa. Ranar Juma'a a ɗan masallacinmu na ƙarƙashin bene, ya ce mini yakan tsinci kansa yana ƙirga bayan mutanen sahun gaba yana cewa ko wannan ne, ko wancan. Ya daina zama shan shayi da 'yan kasuwa bayan la'asar. Wani maƙwabcinsa ɗan Cadi, wanda suka yi shekara da shekaru suna cin tuwo a kwano ɗaya, ya zo har gida ya tambaye ni ko ya yi wa Alhaji laifi ne. Na ce babu. Na ba shi ruwa, ya sha ya tafi, na rufe ƙofa na yi kuka.

Da asuba bayan salla Alhaji yakan tsaya a taga, hannu a baya, leɓɓansa suna motsi. Da farko na ɗauka wuridi yake yi. Da na matsa sai na ji tambayoyi yake jerawa. Me na yi maka? Ka taɓa cin abinci a gidana? Ka san sunan 'ya'yana? Da ka faɗa, ka yi barci a ranar? Yana tambayar hazo, hazon yana tsaye a gabansa fari fat. Ni ma abin ya shiga barcina. Nakan yi mafarkin wani mutum cikin farar riga, zaune a tabarmarmu, ya juya mini baya yana cin abinci a kwanon Alhaji. In kewaya ta dama ya juya, in kewaya ta hagu ya juya. Ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Mun yi ta zuwa Paris a kan maganar, wani lokaci shi kaɗai, wani lokaci tare da ni, in bar yara wurin maƙwabciya. Jirgin ƙasan nan mai gudu sabo ne a lokacin. Nakan jingina kai da gilashi in ga gonaki da fararen shanu da ƙauyuka masu dogon coci suna zuwa suna wucewa kamar ana jan zane, ban san ko idona biyu ba ko barci nake. A Paris kuwa masaukinmu ɗaya ne, ɗakin Bazabarme, can ƙarƙashin rufin wani tsohon gida, inda sai ka sunkuya kafin ka kai taga. Yakan bar mana gadon ya tafi wurin abokansa. Ya dafa mana shinkafa da miyar gyaɗa a kan ɗan murhunsa, ya zauna a ƙasa yana kallon Alhaji yana ci.

"Ci, ɓarawo, ci. A kurkuku ba a ba da nama."

"Gishirin nan ka sato shi ne kake zubawa haka ba tausayi?"

"Amma Hajiya, ki bar wasa, wanda ya yi wannan abu Allah ya tona asirinsa. A duk ƙasar Faransa ni kaɗai nake da ikon ce wa mutumin nan ɓarawo. Wane ɗan iska ne ya shigo mini gona?"

Na ce amin. Alhaji ma ya ce amin, yana dariya. A duk tsawon wannan lokaci, a ɗakin nan kaɗai nake jin dariyarsa.

Sanyi ya wuce, wani sanyin ma ya zo ya wuce. Sai da itatuwa suka sake toho lauya ya kira ya ce an sa rana, kuma alƙali ya yarda a kawo mai maganar. Shi ma lauyan bai san ko wane ne ba. Muka sauka a ɗakin Bazabarme kamar kullum, muka tarar yana goge babbar rigarsa ta salla. Ya ce shi ma kotu ta aiko masa da takarda ya zo gobe. Duk muka ɗauka lauyanmu ne ya nemi a kira shi ya faɗi halin Alhaji, tun da a siton yake aiki. Ba wanda ya yi tunanin tambaya.

Da safe muka fita mu uku. A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa yana riƙe da ƙarfe yana lilo, rigarsa tana ƙamshin turare.

"Yau zan faɗa wa alƙali gaskiya tsakanina da Allah. A rufe ka, ni in riƙe Hajiya da kanti."

"Alƙali zai saurari bawa? A ƙofa za a tsayar da kai ka riƙe wa mutane takalma."

Da muka isa aka ware shi zuwa wani ɗaki inda masu shaida suke jira. Ya ɗaga mana hannu ya shige.

Ɗakin shari'ar ba shi da girma kamar yadda na zata. Katako ne ko'ina, da dogayen tagogi, rana tana shigowa ta cikinsu ƙura tana yawo a cikin hasken. Alƙalin mace ce, cikin baƙar riga, da tabarau a kan hanci. An kawo tafinta, wani ɗan arewacin Kamaru mai sanyin murya, ya tsaya kusa da Alhaji. Ni ina baya a kan benci, tasbaha a hannu. Ɗan duwan da ya rubuta maganar ya fara bayani, saurayi ne mai tsabta, ba shi da fuskar mugunta. Ya ce ranar da kayan suka sauka ya ga wani ma'aikacin sito yana buga kwalayen da tafin hannu yana magana da su kamar ya san mai su, sai ya tambaye shi. Abin da ya ji shi ya rubuta.

Alƙali ta ce a shigo da mutumin.

Na kafa ido a ƙofar. Na ce yau mai farar riga zai juyo. Ƙofa ta buɗe, Bazabarme ya shigo yana gyara hannun riga, yana murmushi, har ya ɗan kanne wa Alhaji ido. Na ce a raina sun yi kuskure, sun fara kiran namu. Sai na ga ɗan duwan ya gyaɗa kai ya ce shi ne.

Aka sa shi ya ɗaga hannu ya rantse zai faɗi gaskiya. Aka karanta abin da aka rubuta, tafinta yana mayarwa da Hausa: mai kayan nan ɓarawo ne ɗan ɓarayi, duk danginsu haka suke, in aka bar shi giwa sukutum zai cusa a matashi ya wuce da ita. Kafin tafinta ya kai ƙarshe na gane maganar. Na sha jin ta a tarho ranar Lahadi. Alhaji ma ya gane, na ga wuyansa ya sandare. Bazabarme kuwa murmushin bai bar fuskarsa nan da nan ba, ya tsaya a wurin kamar an manta da shi, sannan ya zame a hankali. Ya dafa katakon da ke gabansa da hannu biyu.

Lauyanmu ya miƙe. Ya tambaye shi ko ya faɗi haka. Ya ce yana yiwuwa, ba ya tunawa da ranar, amma maganarsa ce, kullum haka yake faɗa.

"Ka taɓa ganin hauren giwa a kayan wannan mutum?"

"Ban taɓa ba."

"Wani ya taɓa gaya maka ya gani?"

"Babu."

"To me ya sa ka faɗa?"

Ya dubi lauya, ya dubi alƙali, kamar an tambaye shi me ya sa yake numfashi. "Ai Bagobiri ne," in ji shi.

Tafinta ya faɗa da Faransanci. Alƙali ta cire tabarau ta nemi ƙarin bayani. Tafinta ya daɗe yana magana, yana nuna wannan yana nuna wancan, yana haɗa yatsunsa biyu. Ta juya ga Bazabarme ta tambaye shi ko ƙarya ya yi wa ma'aikacin hukuma ke nan. Ya ce ba ƙarya ba ce, wasa ne. Ta ce to gaskiya ce? Ya ce ba gaskiya ba ce. Ɗan duwan ya nemi magana, fuskarsa ta yi ja. Ya ce mutumin bai yi dariya ba lokacin da yake faɗa, ya sake tambayarsa ya maimaita, har da dafa ƙirji. Gaskiyarsa ne. Wasan nan ba a yin sa da dariya a fuska, daɗinsa ke nan. Ta ina yaron zai sani?

Lauya ya sunkuya ya yi wa Alhaji raɗa ta bakin tafinta. Daga baya na ji abin da ya ce: bayanin wasa ba zai isa ba, sai mutumin ya faɗi abin da ya sani game da shi a fili, da bakinsa, a rubuta. Alƙali ta tambayi Alhaji ko yana da tambaya ga mai shaida.

Ya miƙe. Duk tambayoyin da ya jera wa hazo suna nan a bakinsa, na san su ɗaya bayan ɗaya. Ka ci abinci a gidana? Ya ci. Ka san sunan 'ya'yana? Shi ya yanka ragon sunan ƙaramar. Babu wadda ta rage da amfani. Ya daɗe a tsaye har alƙali ta ɗago kai. Sannan ya ce, da murya ƙasa-ƙasa:

"Ni ɓarawo ne?"

Tun da suka san juna, amsar wannan tambaya ɗaya ce, kuma yaro ma ya san ta. Na ga bakin Bazabarme ya buɗe zai ba da ita, don ita ce a kan harshensa. Sai ya dubi hannun da ya ɗaga ya rantse.

"A'a, Alhaji," ya ce. "Kai ba ɓarawo ba ne."

Bai tsaya nan ba. Ya juya ga alƙali ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai riƙon amana kamar wannan mutum ba. Ya ce shekarar da ya kwanta asibiti ba mai kula da shi, wannan ne ya rufe kanti ya zo Paris ya yi jinyarsa, har wanka yana yi masa. Ya ce in za a rufe wani a rufe shi, bakinsa ne ya yi laifi. Yana faɗa hawaye yana bin gemunsa yana ɗiga a kan rigar salla. Alhaji ya sunkuyar da kai. A wurinmu abokin wasa ba ya yabonka a gabanka. Ji na yi kamar an tuɓe su duka biyu a tsakiyar kasuwa, na ja mayafi na rufe fuskata.

Hukuncin bai zo a ranar ba, amma da ya zo ya yi daidai da abin da Alhaji ya nema. An riƙe jakunkunan masu fatar guza, an ci shi tara a kansu, an soke maganar fasa-ƙwauri, an ce a mayar masa da sauran kayansa.

Abin da na fi tunawa shi ne fitowarmu. An yi ɗan ruwa an ɗauke, titi yana sheƙi, itatuwan bakin hanya sun yi fararen furanni a tsaye kamar kyandir. Mu uku muna tafiya. Alhaji ya yi gyaran murya, ya karɓi jakar hannuna ya miƙa masa.

"Kai bawa, riƙe wa uwar ɗakinka kaya."

Bazabarme ya sa hannu biyu ya karɓa, har da ɗan rusunawa. "To, Alhaji," ya ce.

Alhaji ya tsaya cak yana dubansa. Shi kuwa ya wuce gaba da jakar.

A Lyon komai ya koma wurinsa. Alhaji ya bi mutanen da ya zarga a zuciyarsa ɗaya bayan ɗaya ya nemi gafara, ya fara da ɗan Cadi. Labarin ya zaga Guillotière, aka yi ta dariya, wasu har suna riƙe ciki. Kantar sama ta sake cika da ƙunshin mutane. Kayan suka iso suna warin danshi, muka shanya su a ɗaki, na zauna da allura ina ɗinke matasan da aka farke, audugar rimi tana bin yara har cikin gashi.

Tarho ma bai daina ƙara ranar Lahadi ba. Amma abin da nake jiyowa daga madafa ya sake. Ina kwana Alhaji, ina gajiya, yaya iyali, yaya kasuwa, yaya sanyi. Alhaji ya jefa masa zagi, ya ji an ce Allah ya ƙara girma. Alhaji ya ce masa ya riga ya yafe, ai babu ma abin yafewa, wasa ne kakanni suka bar musu. Bazabarme ya ce, "Na sani, Alhaji. Bakin ne ya ƙi." Alhaji yakan ajiye tarhon a hankali ya je taga ya tsaya. Sunansa mai kyau da ya yi ta nema ya dawo masa, amma ban sake jin ya yi dariya har tari ya kama shi ba. Sau ɗaya na tambaye shi ko da ya sani da ya sa hannu tun farko. Ya ce a'a, da bai sa ba. Sannan ya ce da dai wata tambayar ya yi.

Ciwon ƙirji ya kama shi bayan 'yan shekaru. Da aka kwantar da shi asibiti Bazabarme ya zo daga Paris, ya zauna a bakin gado ya riƙe hannunsa. Alhaji ya rame, zanen kumatunsa ya fito sosai. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce:

"Ka zo ka ga ko na mutu ne, ka sace hulata?"

Ina tsaye ina roƙon Allah a zuciyata. Kalma ɗaya ce. Bazabarme ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, Alhaji."

Alhaji ya juya fuska wajen bango. Bayan 'yan kwanaki ya rasu, da hantsi, ina riƙe da ƙafarsa. Wayyo Alhaji. Bari in ɗan huta, 'yar nan.

Ina cikin takaba, zaune a ɗaki bayan labule, maza suna shigowa falo suna ta'aziyya suna fita. Na ji muryar Bazabarme a cikinsu. Shi ya yi wa Alhaji wanka, an gaya mini. Da mutane suka ragu ya matso kusa da labulen ya durƙusa, ya yi gaisuwa cikakkiya, Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta, Allah ya ba ki haƙuri. A ƙasarmu ranar mutuwa ma abokin wasa ba ya bari. Yakan zo ya ce mamacin ƙarya yake yi, ya tashi, ko ya ƙwace wani abu nasa ya ce bawansa ne ya mutu, shi ke da gado. Ana kuka ana dariya, haka ake sallamar mutum.

Na ce, "Malam, ya jira ka. Har ranar ƙarshe yana jiran ka."

Na ji ya miƙe, na ji takunsa zuwa ƙofa. Na ɗaga gefen labule. A bakin ƙofar takalman Alhaji suna nan inda ya cire su ranar da aka tafi da shi asibiti, jajaye, ɗinkin Maraɗi, dunduniyar ta lotsa daidai ƙafarsa. Ba wanda ya iya kawar da su. Bazabarme ya sa nasa, ya tsaya yana kallon su. Sai ya sunkuya ya ɗauka, ya kaɗe su da juna, ya juya su yana dubawa.

"Hajiya," ya ce, "waɗannan ai nawa ne. Shekara nawa ina neman su. Ashe ɓarawon nan ne ya ɗauke."

Dariya ta ƙwace mini tare da kuka, har matan da ke ɗakin suka riƙe ni suna salati. Na ce ɗauki, Malam, ɗauki kayanka. Da ma ya ji. Kwana kaɗan ne tsakani, da ma ya ji.

Da ya fita na je taga, ko da yake an ce mai takaba ta zauna wuri ɗaya. Hazo bai gama tashi ba a ranar. Can ƙasa na hango shi ɗan ƙarami, yana tafiya wajen tashar bas, jajayen takalman a hammatarsa. Yana tafe yana kaɗa hannu ɗaya kamar mai faɗa da wani a gefensa. Na bi shi da ido har farin ya rufe shi.